Wace doya, ranka ya daɗe?

Ku daina turo min bidiyon nan don Allah, na gani. Mutum ya ɗaga ƙullin gari a leda, babu suna babu lamba, yana rantsuwa wai garin doya ne, wai cike yake da progesterone (sinadarin jikin mace mai alaƙa da al'ada da ɗaukar ciki), yana daidaita al'ada yana kawo haihuwa. Sannu Farfesa! Tambaya ɗaya nake da ita: wace doya?

Dangin doya, wato Dioscorea, sun kai iri 600. Akwai fara. Akwai rawaya, wadda launinta daga carotenoid yake. Akwai sakata, wani irinta ma shunayya ne saboda anthocyanin. Akwai doyar bisa mai ɗauke da diosbulbin, sinadarin da aka san yana yi wa hanta illa. Akwai rogon biri, wanda irinsa na daji ke da dafin da kan sa mutum jijjiga, sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ya ciwu. To wacce ka daka ka ƙulla wa matan mutane? Shiru.

Na san masu kare shi za su ce ai Turawa ma daga doya suka fitar da maganin progesterone. Ƙwarai. Wani masanin kimiyya Ba'amurke, Russell Marker, shi ne ya gano yadda ake juya diosgenin, wani sinadari da ke cikin wasu irin doya, ya koma progesterone, ya je Meziko a 1942 neman wata doyar daji da ba a cin ta, aka kafa kamfanin Syntex a 1944, a can aka haɗa norethisterone a 1951, wanda ya shiga ƙwayar tsarin iyali. Amma a ɗakin gwaji aka yi, mataki bayan mataki, da zafi da sinadarai. Jikin ɗan Adam ba ya wannan juyin. Ko buhu guda kika sha, diosgenin ba zai zama progesterone a cikinki ba. Kuma ko shi Marker sai da ya tsaya ya zaɓi wace doya.

Masu cewa "ai abu ne na ƙasa, ba ya cutarwa", ba ni da lokacinku. Ƙaiƙayin da hannu ke yi in an fere ɗanyar doya, har fata ta yi ja, ƙananan allurai ne na oxalate, su ma daga ƙasa suke.

Abin da ya taɓa min zuciya saƙon wata baiwar Allah ne jiya da daddare. Shekara shida da aure ba haihuwa, ta ajiye maganin da likita ya rubuta mata ta koma wa garin nan, cokali biyu safe da yamma. 'Yar uwa, ki koma asibiti. Doya abinci ce mai albarka: giram 100 na ɗanyarta na da sitaci da danginsa kusan giram 28, potassium sama da miligiram 800, ga bitamin C da B6. Furotin kuwa kaɗan ne, bai kai giram 2 ba. Wannan potassium ɗin ma shi ya sa mai ciwon ƙoda zai tambayi likitansa kafin ya cika faranti.

Af, har na ga mai bidiyon ya liƙa wani jadawali wai doya maƙil take da bitamin A. Daga shafin Amurkawa ya kwaso, su kuwa dankalin nan mai zaƙi mai jan ciki suke kira doya a shagunansu. Ko dangi ba su haɗa ba. Wato har jadawalin ma na dankali ne.