Janar Dyer da kuɗin da aka tara masa

Duk sanda aka tayar da maganar kisan gillar da aka yi a birnin Amritsar na Indiya a 1919, sai ka ji ana cewa ai Janar Reginald Dyer kansa ne ya taɓu, shi kaɗai ya yi aika-aikarsa. Ni kam ban yarda ba.

Dyer ba baƙo ba ne a Indiya. A garin Murree na yankin Punjab aka haife shi a 1864, ya yi makaranta a Simla, kuma a rundunar Ingila ta Indiya ya tsufa. Ya yi yaƙi a Burma da bakin iyakar Afganistan, a Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya jagoranci dakaru a gabashin Iran. Ya san mutanen nan sarai.

Ranar 13 ga Afrilu 1919, ana bikin Baisakhi, dubban jama'a suka taru a filin Jallianwala Bagh da ke Amritsar, wasu don ƙin dokar tsare mutum ba shari'a, wasu biki kawai ya kawo su. Gine-gine sun kewaye filin, hanyoyin fita 'yan tsiraru ne. Dyer ya shigo da sojoji 50 masu bindiga, bai ce wa kowa ya watse ba, ya sa aka buɗe wuta. Cikin kimanin minti 10 aka harba harsashi 1,650. Gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu, jam'iyyar Congress ta Indiyawa ta ce sun kai 1,000. Dyer ya juya ya bar masu rauni kwance. Wani abin takaicin, waɗanda suka ɗana kunamar bindiga sojojin Gurkha ne daga Nepal da Indiyawa 'yan ƙasa.

A gaban kwamitin Hunter, wanda aka kafa don binciken lamarin, Dyer bai ɓoye komai ba. Ya ce nufinsa ya tsorata Punjab baki ɗaya, kuma da motocinsa masu sulke sun iya bi ta lungun, wataƙila da ya yi amfani da manyan bindigoginsu.

To, wane hukunci aka yi masa? Ba a kai shi kotu ba, ritaya kawai aka yi masa a 1920. Majalisar Dattawan Ingila ta goyi bayansa. Jaridar Morning Post ta buɗe asusu, mutane suka zuba masa fiye da fam 26,000. Nan ne abin ya fi ci mini rai. Wa ke yi wa mahaukaci karo-karo? Waɗannan mutane sun ji abin da ya yi dalla-dalla, suka sa hannu a aljihu.

Mu da muka san yadda sojojin Lugard suka shafe Satiru kusa da Sakkwato a 1906 ba ma buƙatar dogon bayani. Shi ma Lugard ɗin a Indiya aka haife shi.

Da kisan ya cika shekara 100 a 2019, Firayim Ministar Ingila Theresa May ta ce suna matuƙar nadama, amma ba ta nemi gafara a hukumance ba.