Firinta marar waya, amma sai da na sayo mata waya

Duk wanda ya fara rubuta "haɗawa cikin sauƙi" a jikin kwalin firinta, ban yafe masa ba. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma da kuɗinmu ake yi mana ita.

Aikina takardun masu Umara ne a nan Makka, wajen Shara Mansur: kwafin fasfo, biza, jerin sunayen masu ɗaki a otal, tikitin jirgin ƙasa na Haramain zuwa Madina. Na san komai ya koma manhajojin gwamnatin Saudiyya, Nusuk da Absher, amma dattijon da ya taso daga Kazaure ko Maraɗi hankalinsa ba ya kwanciya sai ya ji takarda a aljihu. Shi ya sa da tsohuwar na'urarmu ta mutu na tafi Jidda, titin Khalid bin Walid inda shagunan kwamfuta suke, na sayo sabuwa mai bugu da sikana a haɗe, na biya har da harajin nan na kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yulin 2020. Mai shago yana ta "ma fi mushkila", wai ko yaro zai haɗa.

Na buɗe kwali: ba faifai, ba wayar USB, sai 'yar takarda mai lambar QR. Lambar ta kai ni ga manhajar kamfanin, ita kuwa ta ce ba za ta motsa ba sai na buɗe asusu, na ba da imel, na amince a riƙa aika musu bayanin yawan abin da nake bugawa. Don Allah ina ruwan kamfanin da ke wata nahiya da shafi nawa na buga wa Hajiya mai zuwa Madina? Na ce bari in nemo direban, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta, kai tsaye. Shafukan da suka fara fitowa ba na kamfanin ba ne, na 'yan damfara ne masu manyan maɓallai kore, ka taɓa ɗaya su cika maka kwamfuta da shara. Shafin gaskiyar kuma lambar na'ura ɗaya ce amma harafin ƙarshe ya bambanta daga yanki zuwa yanki, ga fayiloli jere, ba wanda ya ce maka ga naka.

Na sauke, na saka, sai saƙo ɗaya: ba a ga na'ura ba. Ga ta a gabana, fitilarta na ƙyaftawa, tazarar da ke tsakaninta da kwamfutar ba ta kai kamu biyu ba. Sai da ɗan maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo. "Kawu, ai ba ta jin 5," in ji shi. Ashe da yawa daga cikin ƙananan firintocin nan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz kaɗai suke kamawa, rauta (na'urar raba intanet) ta zamani kuwa tana watsa 2.4 da 5 a ƙarƙashin suna ɗaya, sai manhajar haɗawa ta rikice. Ya shiga saitin rautar ya raba su, kowane da sunansa, nan take ta kama. Layi ɗaya tak a jikin kwali da ya wadatar. Sun sami wurin zana iyali suna murmushi a gaban na'ura, amma wannan layin ya gagare su.

Bugu ya fara, na ce alhamdu lillahi. Sikana kuwa ko gezau, alhali ita ce rabin aikina. A nan ne na gane abin da ba wanda ke gaya wa mai saye: bugu da sikana ba hanya ɗaya suke bi ba. Windows kan saka direbanta na gama-gari ta yi bugu, amma ɗaukar hoton takarda na bi ta wasu hanyoyi na daban da ake kira WIA ko TWAIN, kuma sau da yawa sai cikakken kunshin kamfanin. Ko ka saka shi, in kwamfutarka ta ɗauki intanet ɗin ofis a matsayin na bainar jama'a ba na gida ba, katangar tsaro za ta hana su ganin juna. Muka gyara wannan ma. Da aka kashe rauta aka kunna, sai ta ba firinta sabon adireshin IP, kwamfuta na can tana ƙwanƙwasa tsohon gida, ta ce na'ura ba ta kan layi. Ga layin alhazai a ƙofa, mota na jira, ni ina durƙushe ƙarƙashin tebur kamar mai neman allura. Maganin wai a kafe mata adireshi ɗaya da ba ya canzawa. To wannan aikin injiniya ne, ni kuma ba albashin injiniya suka ba ni ba, kuɗina suka karɓa.

Na koma shago, aka ce matsalar manhaja ce, garanti bai shafe ta ba. Na kira kamfanin firinta, suka ce laifin rauta ne. Masu intanet suka ce layinsu lafiya lau. Da na sake kira, sai aka fake da cewa kwamfutata Windows 10 ce, wadda aka daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba 2025, wai in koma 11. Tsohuwar kwamfuta ce marar TPM 2.0, wato guntun tsaron da Windows 11 ke buƙata, ba za ta ɗauka ba. Wato don in ɗauki hoton fasfo sai na sayi sabuwar kwamfuta! Tun 2023 Microsoft ta sanar cewa sannu a hankali za ta daina rarraba direbobin kamfanonin firinta, a koma tsari ɗaya na IPP da yawancin sababbin na'urori ke ji. Ni dai ina goyon baya, a ƙwace abin daga hannunsu kowa ya huta. A ƙarshe wayar USB na sayo a bakin titi, ita ta fi duk fasaharsu riƙe amana.

Ban gama murna ba tawadar ruwan ɗorawa ta ƙare, sikana ta ƙi aiki. Sikana fa, wadda ba ta shan ko ɗigon tawada. Ba ni kaɗai ba ne, a 2021 da 2022 an maka wasu kamfanonin firinta a kotu a Amurka kan wannan ɗabi'a. Na'urar da na saya da kuɗina ce ake garkuwa da ita har sai na biya fansa.

Zan kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci, ko ta lambar 1900 ko ta manhajar Balagh Tijari. Rasit na nan, sai dai da wayar hannu zan ɗauki hotonsa, don sikanar da nake ƙara a kanta ta ce sai an kawo mata ruwan ɗorawa.