Awa biyu a bayan tasi ba sanin Bangkok ba ne

To, kun dai ga bidiyon bawan Allahn nan da ke yawo. Daga saukarsa Bangkok, babban birnin Thailand, ya kunna kyamara a cikin tasi, wai gari ne na hargitsi, babu tsari, gara gida sau dubu. Sannu gwani! Awa biyu a bayan mota, har ka yanke wa birnin da shi da kewayensa ke ɗauke da mutum sama da miliyan 10 hukunci.

Malam, tasi ka shiga da ƙarfe 5 na yamma, ana tsuga ruwa. Me kake jira ka gani?

A hawa na can ƙasa a filin jirgin Suvarnabhumi akwai jirgin ƙasa mai shiga gari. Ƙarshensa tashar Phaya Thai, baht 45 (baht shi ne kuɗin ƙasar), tafiyar kusan rabin awa, ko ana ruwa ko ana rana. Ɗan kasuwar da ya nufi Pratunam sarin tufafi ba sai ya kai ƙarshe ba, ya sauka Ratchaprarop ya taka da ƙafa. Shi kuwa mutumin namu ya tsallake wannan ya bi layin tasi: mita ta tashi daga baht 35, a ɗora 50 na filin jirgi, kuɗin ƙofofin babbar hanya kuma daga aljihunsa. Ya biya ninkin-ba-ninkin don ya zauna cikin cunkoso yana mita.

Wasu na cewa ai baƙo ne. Baƙo ba shi da baki? Wasu kuma wai kaya gare shi. 'Yar jaka ɗaya na gani a cinyarsa, ku bar zancen nan.

Bangkok hawa-hawa take tafiya, titi ne mafi muni a ciki. A sama akwai jirgin BTS tun 1999, a ƙarƙashin ƙasa akwai MRT tun 2004, ga kuma ruwa. Kwale-kwalen mashigin Saen Saep yana tsayawa a Pratunam, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Ruwan baƙi ne, yana wari, shi ya sa ake jan leda a gefe kada ya fallatso maka, amma zai kai ka yayin da motoci ke tsaye cik. A bakin lunguna, waɗanda suke kira soi, 'yan acaɓa na jere da riga ruwan lemo mai lamba, wurare da yawa an kafe allon farashi. Wannan ne garin da babu tsari? Tasi ka shiga da ƙarfe 5, malam.

Tsakani da Allah, ranar farko tana da nauyi. Zafin can mai danshi ne, ba irin na Sakkwato mai busar da gumi ba, riga na manne maka kafin ka yi taku ɗari, balle a watan Afrilu. Wayoyin lantarki sun cukurkuɗe a kan turaku, ƙamshin soye-soye ya gauraya da warin kwata. Hannun hagu suke tuƙi, don haka dama za ka fara dubawa kafin ka tsallaka titi, kuma babur na iya biyo ka har kan dakalin masu tafiya a ƙasa. Duk wanda ya ruɗe yana da uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai ɗaukar ruɗewarsa ya mayar da ita labarin gari.

Irinsu ne gobe mai tuk-tuk, wato adaidaita sahun can, zai tare a kusa da fadar sarki ya ce yau a rufe take, ya zagaya da su shagon duwatsun ado da na tela inda ake ba shi la'ada. A je ƙofa a duba da ido. Tuk-tuk ba shi da mita, a yi ciniki kafin a hau.

Ni abin da ya fi damuna ma miyar taliyar da na ga ya saya a bakin titi a ƙarshen bidiyon. Naman alade ya yi yawa a abincin can, har romon da ake zubawa sau da yawa na ƙashinsa ne, don haka cewa “mai sai mu”, wato kar a sa alade, ba ta wanke tukunya. A nemi koren tambarin halal, ko mai sayarwa sanye da hijabi, ko a sauka tashar Nana ta jirgin BTS a shiga Soi 3 wajen Larabawa. Wanda ya san shi ya tambaye shi me ya sha.