Inuwar da Monet ya zana a Etretat ba baƙa ba ce

Duk lokacin da aka ɗora hoton wani zanen Claude Monet, sai an sami mai cewa aikin bai ƙarasu ba, wai mutumin ya yaɓa fenti ne cikin gaggawa ya tashi. Ban yarda da wannan magana ba, kuma hujjata zane guda ne, wanda ya yi a shekarar 1883 a gaɓar tekun Etretat da ke yankin Normandi a arewacin Faransa, wanda yanzu yake rataye a gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a birnin New York. Sunan zanen La Manneporte, sunan wata ƙatuwar ƙofar dutse ce da ruwan teku ya huda a jikin tsaunin alli, ta tsaya kamar bakan ginin soro, ƙafarta ɗaya a cikin ruwa.

Wanda ya dubi zanen da farko zai ga dutse ya cika kusan dukan ƙyallen, har Monet ya yanke samansa bai bar wa sararin sama wuri mai yawa ba. A ƙarƙashin bakan akwai mutum biyu ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a lura da su sai an ƙura ido, kuma aikinsu kawai shi ne su nuna girman dutsen. Amma abin da ya hana ni ɗauke ido shi ne launin dutsen kansa. Tsaunukan Etretat farare ne, alli ne mai jerin duwatsun ƙyastu a cikinsa, duk wanda ya ga hotonsu ya san haka. To amma a zanen nan da wuya ka nuna wuri ka ce ga farin fenti zalla a jikin dutsen. Inda rana ta taɓa, akwai ruwan ɗorawa da ruwan goro da ɗan ruwan hoda. Inda inuwa ta faɗa, akwai shuɗi da shunayya da kore mai duhu. Inuwar ba baƙa ba ce, kuma a nan ne masu cewa aikin bai ƙarasu ba suke kuskure, domin sai mutum ya daɗe yana kallo kafin ya gane cewa inuwa tana da launi.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani. Gefen dutsen da rana ba ta kai gare shi ba, ba cikin duhu yake ba, yana samun haske daga shuɗin sama da kuma hasken da teku ke mayarwa, don haka launin sama da na ruwa ne suke sauka a kansa. Ƙwaƙwalwarmu ce take yi mana gyara, ta ce mana dutsen fari ne, inuwa kuma toka-toka ce, mu kuwa sai mu gaskata ta mu ƙaryata idonmu. Tun 1839 masanin kimiyyar sinadarai Michel-Eugène Chevreul ya wallafa bayaninsa a kan yadda launi biyu da aka jera kusa da juna suke ƙara wa juna ƙarfi, musamman shuɗi da ruwan goro, ko rawaya da shunayya. Monet ya yi aiki da wannan. Maimakon ya cakuɗa fenti har ya zama launi ɗaya mai laushi, sai ya riƙa ajiye gajerun shafe-shafen buroshi gefe da gefe, ya bar wa idon mai kallo aikin haɗawa. Idan ka matso kusa, tabo-tabo ne kawai. Idan ka ja da baya taku uku ko huɗu, sai ruwan ya fara motsi, kumfar igiya ta fara tashi a gindin dutsen.

Wannan hanyar kallo ba a Paris ya koyo ta ba. An haife shi a can a 1840, amma a garin Le Havre mai tashar jiragen ruwa ya girma, kuma a nan ne mai zane Eugène Boudin ya ja shi waje ya nuna masa zane a fili, a gaban sama da teku, ba a cikin ɗaki ba. Abin da ya sauƙaƙa fitar ma ɗan ƙaramin abu ne: a 1841 wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun kuza mai matsuwa na zuba fenti, irin wanda muke gani da man goge baki a yau. Kafin haka a cikin mafitsarar alade ake ɗaure fenti, ta fashe ko ta bushe. Tashar Le Havre ɗin ce kuma ya zana a 1872 da rana tana fitowa cikin hazo, zanen da aka nuna a Paris a 1874, har wani ɗan jarida mai suna Louis Leroy ya ɗauki kalmar impression, wato abin da ido ya fara kamawa, daga sunan zanen ya yi wa Monet da abokansa masu zane ba'a da ita, sunan ba'ar kuwa ya bi su har yau. Wanda ya taɓa ganin rana da safiyar hunturu a ƙasarmu, ta fito kamar faifai ruwan goro a cikin ƙura har kana iya kallonta ido da ido, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan zanen. Wani abin mamaki a kansa shi ne, idan aka mayar da hotonsa baƙi da fari, ranar kusan ɓacewa take yi, domin ba ta fi saman da ke kewaye da ita haske ba, bambancin launi ne kaɗai ya sa take ƙyalli.

A Etretat kuwa ya san ba shi ne farau ba. Gustave Courbet ya riga ya zana waɗannan tsaunuka a 1869, kuma nasa dutsen dutse ne sosai, mai nauyi, wanda za ka ji kamar ka dafa shi. Ba na rena aikin Courbet, amma a ganina shi wurin ya zana, Monet kuwa sa'ar da yake tsaye a wurin ya zana. Shi ya sa ya riƙa komawa garin shekara bayan shekara har zuwa 1886, yana maimaita ƙofofin dutsen nan uku da dogon tsinin da ake kira Allura. Marubuci Guy de Maupassant, wanda ya gan shi yana aiki a can, ya ba da labarin yadda yara suke biye da shi ɗauke da ƙyallayen zane biyar ko shida, duk na wuri ɗaya, yana ɗaukar wannan yana ajiye wancan gwargwadon yadda haske ya sauya. Mutumin da yake gaggawa ba ya yin haka. Wannan aikin mai haƙuri ne wanda ya fahimci cewa launin da ya gani da hantsi ba zai jira shi zuwa azahar ba.

Sai dai ba zan ɓoye abin da nake ganin an ƙara masa gishiri ba. Masoyansa suna son su ce komai a bakin teku ya gama shi, alhali yakan kwashi zane-zanen ya tafi da su gidansa na Giverny, inda ya koma a 1883, ya ci gaba da gyara su a ɗaki kafin ya miƙa wa dillalinsa Paul Durand-Ruel. Haka kuma Etretat ta wancan lokaci garin shaƙatawa ce mai otal-otal da baƙi daga Paris, amma a wannan zanen ya juya musu baya, ya nuna mana gaɓa kamar babu kowa sai iska da ruwa. Ya zaɓi abin da zai nuna, kuma ya san abin da masu saye suke so. Wannan bai rage komai daga gaskiyar launin ba, amma ya kamata a faɗe shi.

Isa gindin Manneporte ɗin ma ba wasa ba ne, sai an bi gangare mai santsi, an kuma lura da lokacin cikar teku da janyewarta. A ƙarshen Nuwamba 1885 Monet ya yi kuskuren karanta jadawalin cikar ruwa, yana tsaye yana zane a ƙarƙashin tsaunin yana zaton teku janyewa take yi, sai wata babbar igiya ta buga shi da dutse ta ja shi cikin ruwa tare da kayan aikinsa. Ya fito da rarrafe, ƙyallen zanen ya lalace, katakon da yake jingina shi ya tafi. A wasiƙar da ya rubuta wa Alice Hoschedé, wadda daga baya ta zama matarsa, ya gaya mata cewa allon fentin da ke hannunsa ya make shi a fuska, gemunsa ya cika da shuɗi da rawaya.