Ni da Wani Mara Imani a Cinikin Gidan Kubwa

Shekara 14 ina haya a Mararaba. Ka yi Asuba a Jihar Nasarawa, ka faɗa cunkoson Nyanya, ka isa ofis a Abuja kana warin hayaƙin mota kamar kifin banda. Ranar da mai gidanmu ya aiko da takardar ƙarin kuɗin haya karo na uku, uwargida ba ta ce uffan ba. Ninke takardar ta yi, ta sa mini a ƙarƙashin kwanon tuwo. Na gane karatun.

Na sayar da gonar gadona a Zariya, na haɗa da bashin ƙungiyar ma'aikatan ofis da ɗan abin da na tara, kuɗi suka kama miliyan 30. A Zariya, da wannan kuɗi sai a fara kiranka Alhaji ko ba ka taɓa taka Jidda ba. A Abuja kuwa, dillalin farko da na gaya wa sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Allah Ya ƙara buɗi, Yallaɓai."

Ba wai babu gidaje ba ne. Ka bi Maitama da Asokoro za ka ga manya-manya a rufe, ba kowa ciki sai mai gadi da ƙadangaru. Na irinmu ne suka yi ɓatan dabo. Waɗanda suka riga mu aiki sun ci sa'arsu zamanin Obasanjo, da aka sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati, kuma kowa ya zauna kan nasa kamar kaza kan ƙwai. Gwarinpa da aka gina zamanin Abacha, ko farashi na daina tambaya don kada hawan jini ya kama ni. Ka ce za ka gina? Buhun siminti ya haye naira 10,000 a farkon 2024.

Gida uku suka wuce ni cikin wata biyu, kowanne sai da na biya kuɗin gani naira 5,000. Na Lugbe, na fita yin alwala na dawo aka ce wata Hajiya ta tura kuɗi. Na unguwar Dutse Alhaji yana da jan fenti a katanga, dillali ya ce yara ne suka yi wasa, alhali tun rusau ɗin El-Rufa'i tsakanin 2003 da 2007 ko jariri a garin nan ya san ma'anar jan fenti. Na uku kuwa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gidan ba na sayarwa ba ne. Mutumin ya ce, "Ai shi ya sa yake da sauƙi."

Lauyana kullum waƙarsa ɗaya: kada in ba da ko sisi sai an duba takardu a AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, don a Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, takardar mai unguwa ba ta tsayar da katafila. Gaskiyarsa. Sai dai kafin ka gama dubawa, wani ya riga ya saka labule.

Nan ne na yi dabara, a ganina. Na ce dillali ɗaya ya yi mini kaɗan, na kama biyu, ban gaya wa ko ɗaya labarin ɗan uwansa ba. Ɗaya mai jar hula ne, dattijo, ba ya rabo da goro. Ɗayan yaro ne mai wayoyi uku, duk suna ƙara lokaci guda.

Mai jar hula ya ɗora ni a acaɓa da magariba, muka yi ta ratsa lungunan Kubwa har muka tsaya gaban wani baƙin get. Ɗaki biyu da falo, rijiyar burtsatse, ba wuta. Da fitilar waya na duba shi. Ya ce mai gidan yana Legas, wakilinsa ya ce miliyan 26, takardu lafiya. Na taya 25.

Kwana biyu sai mai wayoyi uku ya turo hotuna ta WhatsApp. "Oga, hanyar Bwari, sabon fenti, yau ya fito, gobe babu shi." An ɗauki hotunan da rana tsaka, gida fes. Ya ce akwai wanda ya taya 25, in ina so in ɗora. Na san cinikin biri a sama ne, amma wanda maciji ya sara sau uku ba ya tsayawa auna igiya. Na ce ya sa 26, in wancan ya kuɓuce ga wannan.

Da daddare mai jar hula ya kira, murya ƙasa-ƙasa. "Ranka ya daɗe, an shigo mana ciniki. Wani ya ba da 26." Na ce 27. Washegari yaron ya kira: "Oga, mutumin nan ya dawo, 27!" Na ce 28. Na zauna bakin gado ina jinjina rashin sa'ata: gida biyu, unguwa biyu, kowanne da mugun da ya tare mini gaba.

Da aka kai 29 na kira Inna a Zariya. Na ce, "Inna, wani mara imani ya hana ni sakat, duk abin da na ba da sai ya ɗora." Ta ce, "Bar ni da shi." Ta yi sadakar ƙosai, ta sa almajirai suka yi sauka, aka roƙi Allah Ya hana mutumin nan barci, Ya ɗauke masa kwanciyar hankali har sai ya janye. Satin nan kaf ban runtsa ba. Na ɗauka zafin gari ne.

Ranar da ciniki ya kai 31, wato har na ci bashin miliyan ɗaya wurin surukina, uwargida ta ce in ba ta wayar ta ga gidajen da ke neman kashe mata miji. Ta buɗe hoton da na ɗauka da daddare, ta buɗe na yaron. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta daɗe tana kallo.

"Baban yara, gida biyu ka ce?"

"Biyu mana."

"To, bokitin nan tagwaye ne?"

Na leƙa. A gindin famfo, shuɗin bokiti ne mai fasasshen baki, an ɗaure hannunsa da wayar wuta ja. A ɗaya hoton ma ga shi nan zaune, bai ko motsa ba. Tayil ɗin da ya ɓantare a bakin ƙofar kicin shi ma yana nan a duka biyun. Ta miƙo mini wayar, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin dariyarta ta cikin matashin kai.

Washegari na tara su a gaban baƙin get ɗin, da wakilin mai gida. Mai jar hula ya nuna ni ya ce, "Ga mai sayena." Yaron ya ce, "Baba, mai sayena ne!" Wakili ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dube ni, ya cire tabarau ya goge. Na ce tunda abokin hamayya ya janye, a koma 26 ɗin farko. Ya ce, "Albarka. Mai gida ya riga ya ji 31 da kunnensa. Kuma akwai wani da zai zo gani ƙarfe huɗu." Na rantse ban san ko da gaske akwai wanin ba, ko ni ne dai a karo na uku. Ban tsaya bincike ba. Na ba da kafin alƙalami, lauya ya duba takardu, aka sallama.

Sai rigimar la'ada. Kowannensu ya ce kashi 5 cikin 100 nasa ne, tunda kowa ya kawo mai saye, kuma kowa mai sayensa ya yi nasara. A nan kam na tubure. Sai da limamin unguwar ya shiga tsakani suka raba kaso ɗaya, yaron yana ƙorafin kuɗin kati.

Mun tare bayan ƙaramar Sallah. Bokitin yana nan, uwargida ta hana a yar, ta ce shi kaɗai ya faɗi gaskiya a cinikin. Daren farko Inna ta kira.

"Yaya mutumin nan? Addu'a ta kama shi kuwa?"

Na ce, "Ta kama shi, Inna. Sosai."

Ta ce, "Alhamdulillahi. In ya sake ɗagowa ka gaya mini, akwai sauran ƙosai."