Darien, garin da bai kai unguwarmu ba amma ya fi mu ajiye labari

Shekarata shida kenan a jihar Jojiya ta Amurka, kuma duk sanda aiki ya bi da ni ta hanyar 17 daga birnin Sabana zuwa kudu sai na tsaya a wani ɗan gari wai shi Darien, a ƙaramar hukumar McIntosh, daidai inda kogin Altamaha ke rarrabuwa cikin fadama kafin ya faɗa teku. Mutanen garin gaba ɗaya ba su wuce 1,500 ba, wallahi wani ɗaurin auren a Kano ya fi su jama'a. Amma kana taka ƙafa sai ka ga allon ƙarfe nan, allon ƙarfe can, kowanne da shekara da labari, har wani rusasshen bango a bakin ruwa da aka gina da ɓawon kawa da farar ƙasa da yashi sun kewaye shi sun rubuta bayani.

Da farko dariya abin ya ba ni. Turawan Ingila sun kafa sansanin soja a wurin a 1721, mutanen Sikotilan suka zo suka kafa garin a 1736, na ce to wannan ne tsufan da ake ta kuri da shi? Mu da muke da Dala da ganuwa da marinar Ƙofar Mata, ai garin nan jikan jikanmu ne. Daga baya ne jikina ya yi sanyi da na lura da irin abin da suke ajiyewa. Ba sunan masu mulki kaɗai ba. Sun san a 1739 mutum 18 na garin sun sa hannu a takardar ƙin yarda a kawo bayi, kuma sun san maganar ba ta yi tasiri ba don daga baya gonakin shinkafar yankin kaf da gumin bayi aka noma su. Sun san a watan Yunin 1863 sojojin arewacin Amurka sun ƙone garin lokacin yaƙin basasarsu. Sun san zamanin da ake ɗaure gungumen itace a biyo da su ta kogi har garin ya yi kuɗi da katako, daji ya ƙare kasuwar ta mutu, aka koma kamun jatan lande, har yau duk bazara sai an yi bikin sa wa jiragen masunta albarka.

Kar kuma wani ya ɗauka tsabar gaskiya ce ta yi musu yawa. Tsibirin Butler na nan gab da garin, daga nan da wata gonar mai tsibirin aka kwashi bayi sama da 400 aka kai Sabana aka yi gwanjonsu cikin kwana biyu a watan Maris na 1859 don a biya bashinsa, kuma sai a 2008 aka kafa allon tunawa da abin. Shekara 149 suna kau da kai. Amma dai takardun na nan, shi ya sa ranar da jikokin bayin suka tashi neman hakki akwai abin ɗagawa a nuna.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Bilali Muhammad, Musulmi daga Timbo ta Futa Jalon, bawa ne a tsibirin Sapelo, wanda sai ka hau jirgin fito kafin ka kai. Ya bar rubutu da Larabci shafi 13, yana ajiye a Jami'ar Jojiya. Abin mamakin kuma, da Turawa suka kasa karantawa, wani masanin harsuna Joseph Greenberg ne ya kai kwafin ƙasar Hausa wajen ƙarshen shekarun 1930 ya nuna wa malamanmu, a can aka gano maganar alwala da salla ce irin ta Risala da ake karantawa a zaure. Ka ji fa, mu muka taya su karanta tarihinsu. Jikokin mutanen Sapelo har gobe suna ƙauyen Hog Hammock a tsibirin suna fama da haraji da masu kuɗin da ke son filayensu.

To mu fa? Tambayi ɗalibi ya jero maka sarakunan Kano daga Bagauda, zai yi ƙoƙari. Tambaye shi su wa suka noma gandayen sarki, ko wane ɓangaren kasuwar Kurmi ake tsayar da bayi, ko su wa suka haƙa ramukan da aka ɗebi ƙasar ganuwa, sai ya tsaya yana kallonka. Namu tarihin na fada ne, na kirari da tambura, talaka da masunci da ɗan kwale-kwale ba su da shafi. Zungeru tana bakin kogin Kaduna, ita ce hedikwatar Arewa kafin a koma Kaduna, a can aka haifi Azikiwe a 1904, je ka ga yadda ciyawa ta cinye kufan. Ganuwa kuwa kowa na gani ana yankarta ana kafa shaguna.

Wasu za su ce ai talauci ne, wanda bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina allon ƙarfe. Ban yarda ba gaba ɗaya, McIntosh ba wurin masu kuɗi ba ne, kuma yawancin masu wannan hidimar tsofaffi ne 'yan fansho da ke zuwa kyauta. Mu ma muna da tsofaffin, nasu a takarda, namu a ka.

Makon jiya na kira Baba na ce don Allah ya gaya min asalin sunan unguwarmu, ya yi shiru ya ce wanda ya san wannan ai Malam na bakin masallaci ne, kuma ya rasu da azumin bara.