Zobe Mai Inci 12 da Furen da Bai Cika Tafin Hannu Ba

Fure ɗaya tak na yi niyyar yi. Ɗan ƙarami, mai jajayen ganye biyar da ɗan koren reshe, a tsakiyar rigar wani ƙaramin filo na 'yata. Ina da allura, ina da zare irin mai sili shida da ake warewa a ɗauki biyu ko uku, ina da almakashi. Ina kuma da yaƙinin cewa duk wadda ta iya ɗinka maɓalli, surfani ba zai gagare ta ba. Abu guda ya rage, wato zoben da ake ɗame yadi a ciki.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, zobe biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki a haɗe yake, na waje kuma a tsage, da ɗan sukuru a bakin tsagar. Sai ki shimfiɗa yadi a kan na ciki, ki danna na wajen a kai, ki murɗa sukurun, yadi ya ɗame. Da inci ake faɗin girmansa, tun daga 'yan ƙanana masu inci 3 ko 4 har zuwa manya masu inci 12 da sama. Na tsaya na yi lissafi irin na masu hangen nesa: in na ɗauki ƙarami, gobe babban aiki na zuwa sai na sake neman wani; in kuwa na ɗauki babba, ai babba ya haɗiye ƙarami. Na ɗauki mai inci 12, faɗinsa santimita 30 ke nan da 'yan kai. Har yau ban ga inda lissafin nan ya karkace ba. Zoben ne dai ya ƙi bin lissafi.

Tun a shiga muka fara samun saɓani. Zoben ciki ya ƙi shiga bakin rigar filon, na juya shi ta nan, na karkata shi ta can, ko alama. Sai na ce to me ya yi zafi, na shimfiɗa rigar gaba ɗayanta a kai, na danna na wajen, na murɗe. Ta ɗame kuwa, gwanin sha'awa.

Sai maganar riƙo. Yadda ake yi shi ne, babban yatsa a sama, sauran yatsu a ƙasa, suna tallafe wajen da allura ke shiga da fita. To, tsakiyar zobe mai inci 12 tana da nisan santimita 15 daga baki, ni kuwa yatsana mafi tsawo da ƙyar ya wuce rabin haka. Furen yana can tsakiya shi kaɗai, hannuna na hagu yana nan bakin gaɓa yana hange. Na jingina gefe ɗaya a cikina, ɗaya gefen a bakin tebur, in na soka allura ta sama sai in leƙa ƙarƙashi in nemo ta, in na turo ta ta ƙasa sai ta ɓullo inda ba a gayyace ta ba. Wuyan hannuna ya ɗau zafi, kafaɗa ta riƙe. Maigidan ya wuce, ya dawo, ya tsaya.

"Ke kuwa lafiya? Wani abin ne ya faɗa ƙarƙashin tebur?"

"Aiki nake yi."

"Au, to. Sannu da aiki."

Na gama furen, kuma maganar gaskiya ya yi kyau. Na kwance sukuru, na zare rigar, na kira 'yata ta kawo filonta. Filo ya shiga, ya shiga, ya kai tsakiya, ya tsaya cak. Na tura, ya ƙi. Na leƙa ciki. Ashe kowane sukan allura ya ratsa gaba ya ratsa baya, na ɗinke rigar da 'yar'uwarta tsaf, ɗinkin da ko tela zai yi alfahari da ƙarfinsa. Yarinyar ta juya rigar ta ga bayan furen ya fito ta ɗaya fuskar da duk ƙulle-ƙullensa, ta ce, "Umma, biyu kika yi mini?" Na ce mata eh, amma ta ba ni in ɗan gyara. Daren nan da ɗan ƙaramin almakashi na kwana, ina tsinke abin da na wuni ina ɗinkawa.

Daga nan na yanke hukunci cewa katakon zoben ne matsalar. Na samo na roba, mai santsi, mai launi, na kuma canja yadi zuwa wani mai sheƙi da sulɓi, don a ganina aikin da ya sha wuya ya cancanci yadi mai kyau. Santsi ya haɗu da santsi. In na yi suka biyar sai tsakiyar ta lotsa, in ja yadin ta gefe, in yi wasu biyar, ta sake lotsawa. Duk inda hannuna ya kai nan nake ja, har da kusurwa. A wannan karon hoton wata na so in yi, cikakke, don haka bayan na ja yadin iya ƙarfina sai na kifa bakin kofi a kai na zana da'ira, na cike ta da farin zare. A cikin zoben, watan nan ba shi da makusa. Ina kwance sukuru yadin ya koma yadda Allah ya yi shi, watan ya bi shi: ya miƙe ta gefe ɗaya, ya tsuke ta ɗayan, gefensa duk ya tattare. 'Yata ta daɗe tana kallo.

"Umma, kifi ne?"

Ban amsa ba. Akwai tambayoyin da tarbiyya ta hana a amsa.

A nan ne maigidan ya ga ya kamata namiji ya sa hannu. Ya ce duk abin da ke da sukuru ai fanninsa ne. Akwai wani ɗan zobe na gora da na haɗo da shi, mara nauyi, sai ya ɗauko shi, ya sa yadi, ya kawo sukundireba. Yawancin sukurun nan suna da tsaga a kai don a ƙara ɗaurewa da ita, wannan gaskiya ne, amma ɗan juyi ake nufi. Shi kuwa ya murɗa, ya murɗa, yana cewa "kin gani, ƙarfi ne ba ki sa ba," har 'yan ƙarafan da ke riƙe da sukurun suka lanƙwashe suka sumbaci juna. Sai muka ji ƙas! Gorar ta tsage. Ya dubi zoben, ya dube ni, ya ce dama tun da ya ɗauka ya ji ba mai ƙwari ba ne. Ya mayar da sukundirebarsa inda ya ɗauko, bai sake bi ta kan fannin nasa ba.

Haushi ya sa na tura komai cikin kwali, har da wani aikin da na fara a babban zoben, yana ɗame yadda yake. Ya daɗe a nan. Ranar da Goggo ta zo, ita ta tono shi, don Goggo ba ta ganin kwali ta wuce. Ta yi shekara da shekaru tana wannan aiki, idonta ma yanzu sai da tabarau, amma hannunta bai manta komai ba. Ta kwance zoben, sai ga wani zagayayyen layi ya kwanta a jikin farin yadin, ya karye, ya yi duhu-duhu saboda ƙura da maiƙon hannu da suka taru a bakin katakon.

"Wannan kuma adon ne?"

"Goggo, zoben ne ba shi da kyau."

"Wanne daga ciki? Na ga dai kin tara su."

Ta zauna, ta ce in miƙo hannuna. Na zaci addu'a za ta yi mini. Sai ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon zobe mai inci 6, katakonsa ya yi sumul don riƙo, ta ɗora mini a tafi, ta ce in kama. Yatsuna suka kai tsakiya ba tare da na miƙa su ba.

"Kin gani? Hannu ake aunawa, 'yar nan, ba buri ba. In zanen ya fi zoben girma, sai ki gama nan ki matsa gaba. Wa ya ce miki dole sai kin ga duka a lokaci guda?"

Na lura zoben cikin nata a naɗe yake da siririn ƙyallen auduga, zagaye bayan zagaye, an ɗinke ƙarshen ta ciki. Na ce ko karyewa ya yi aka ɗaure. Ta yi mini wani kallo ta saman tabarau. Ashe naɗin shi ke sa katako ya kama yadi ya hana shi zamewa, ya kuma rage shaidar da yake bari. Ta ce ko na robar nan da nake zagi, akwai masu ɗan tudu a bakin zoben ciki da ke cije yadi, in an sa shi ta fuskar da ta dace; nawa dai sumul ne, na kuma haɗa shi da yadin da ko a hannu ba ya zama.

Sai ta nuna mini ɗamewa, kuma a nan ne na gane abin da ya sami watana. Yadi zare biyu ne aka saƙa, masu tafiya a tsaye da masu tafiya a kwance. In kin ja shi ta tsaye ko ta kwance, kusan ba ya miƙewa. In kin ja ta kusurwa kuwa, sai ya biyo ki, kina saki ya koma. Goggo ta sassauta sukuru daidai yadda zoben waje zai shiga da ɗan ƙarfi, ta danna, ta ja sama da ƙasa, ta ja dama da hagu, kaɗan-kaɗan, tana kallon layin saƙar kada ya karkace, tana ƙara murɗawa. Da ta gama ta ɗan ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa kamar ganga. Ta ce in bai yi wannan ƙarar ba, kada in soma.

Sauran ta faɗe su ne tana aiki, ba ta ko ɗago kai. A bar yadi ya zarce zobe da inci 2 ko 3 ta kowane gefe don a sami abin ja. Mai aiki da dama ta ajiye sukurun ta sama wajen hagu, inda ƙarfe 10 take a fuskar agogo, in ba haka ba zare zai yi ta sarƙewa a jikinsa (ni da na zaci zaren ne ke da aljanu). Siririn zobe mai kaurin milimita 8 na yadi mara nauyi ne, yadi mai kauri yana son mai milimita 16 ko fiye. Karan-miski kada ya kusanci zobe, don in gashinsa ya kwanta ya kwanta ke nan. Kuma duk ranar da aka tashi daga aiki a cire yadin, ko da gobe da sassafe za a dawo.

Da ta tsaya a nan, da lafiya lau. Amma tana tattara jakarta sai ta ce, ai babban aiki, ko mai duwatsun ado da ƙulle-ƙulle masu tudu waɗanda zobe zai murƙushe in an matsa, shi firam ake sa wa. Kalmar nan ta kwana a kaina.

Na bincika na ga iri-iri ne. Akwai na bututun roba mai kusurwa huɗu da ake danne yadi da maƙalai. Akwai na katako da ake ɗaure yadi da igiya ta ko'ina, wanda ɗaurin kaɗai kan ci sa'o'i kafin a soka allura ko sau ɗaya. Ni na zaɓi mai sanduna biyu da ake naɗe yadi a jiki, sama da ƙasa, a riƙa warwarowa ana naɗewa. Sai da na ɗinka bakin yadin a jikin ƙyallen sandunan, na naɗe, sama da ƙasa suka ɗame, gefe da gefe suka saki jiki. Ga nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗauka, in na sa biyu kuma babu mai riƙe allura. Don haka na ƙaro masa mariƙi, irin mai faffaɗan katako a ƙasa da ake zama a kai, sanda ta taso ta riƙe aikin a gabanki, hannuwanki biyu su huta. Wannan kam ƙirƙira ce mai kyau, ba zan ci amanarta ba. Ɗaya hannun a sama, ɗaya a ƙasa, allura na kai da komo, har na fara 'yar waƙa.

Abin da ba a rubuta a jikinsa ba shi ne, nauyinki ne ke riƙe da komai. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, na miƙe zumbur. Firam ya yi gaba, mariƙi ya bi shi, kwalin zare ya kife, almakashi ya shige ƙarƙashin kujera. Na tsince komai ban da allura. Na duba ƙasa, na kakkaɓe kujera, na shafa ko'ina, babu. Da daddare maigidan ya dawo a gajiye, ya zube a kan kujerar nan, ya gano mini ita nan take. Maƙwabta ma sun ji sanarwar.

Yanzu dai filon 'yata ya shiga rigarsa har ƙarshe, da furensa a fuska ɗaya, kuma da ɗan zoben Goggo aka yi shi, wanda ta ce aro ne, ni kuma ban ji wannan ɓangaren ba. Na naɗe duk zobban gidan da ƙyallen auduga, har da wanda ya tsage. Shekaranjiya maigidan ya kawo rigarsa, maɓalli ya cire, yana sauri zai fita. Na karɓa, na murza yadin tsakanin yatsu, na ɗaga shi wajen haske ina duba ta ina saƙar ta tafi, na ce ya miƙo mini kwalin zobba da abin awo.

"Maɓalli ne fa kawai."

"Na sani. Mai inci 4 zai yi, amma bari in gani ko kaurinsa ya dace."

Ya zare rigarsa daga hannuna a hankali, ya buɗe durowa, ya ɗauki fil ya maƙale wajen, ya fice.